Aikin Safiyo: In Ci Gaba da Bin Ubangidana ko In Koma Makaranta?

"Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 21, na gama sakandare shekara uku da suka wuce, kuma ina da kiredit a Lissafi da Fiziks da Turanci. Kusan shekara biyu ke nan ina bin wani mai aikin safiyo a garinmu. Ina riƙe sanda, ina kafa turaku, yanzu har yakan bar ni in daidaita na'ura in ɗauki awo, kuma ina samun ɗan abin da nake taimakon gida da shi. Mahaifina yana ganin in zauna in ƙware tunda sana'ar ta karɓe ni, yayana kuma ya dage sai na tafi jami'a, ga shi ƙarfinmu kaɗan ne. Shin mutum zai iya zama cikakken safiyo ta hanyar koyo a hannun ubangida kawai, ko lallai sai da digiri?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya saka wa mahaifinka da yayanka da alheri, domin kowannensu alherinka yake nema. Idan na fahimce ka da kyau, tambayoyi biyu ne suka sarƙe a cikin wasiƙarka. Ta farko ita ce ko mutum zai iya ƙwarewa a awon fili ba tare da ya zauna a aji ba. Ta biyu ita ce ko dokar Najeriya za ta yarda wanda ya ƙware ta wannan hanya ya sa hannu a kan zanen fili, ya buga hatiminsa, hukuma da kotu su karɓa. Mahaifinka yana amsa ta farko ne, kuma yana da gaskiya har zuwa wani matsayi. Yayanka yana amsa ta biyu, shi ma yana da gaskiya, sai dai jami'a ba ita kaɗai ce ƙofar ba. Amsata a taƙaice ita ce koyo a hannun ubangida zai mai da kai gwanin aikin fili, amma ba zai ba ka rajista ba, kuma wanda ba shi da rajista a wannan sana'a har ya tsufa a ƙarƙashin hatimin wani zai zauna.

Kafin in shiga bayani, akwai wani ruɗani da nake so in kawar, saboda na ga ya ɓatar da yara da dama a wajen cike fom ɗin JAMB. Kwasa-kwasai uku ne suke ɗauke da sunan safiyo a makarantunmu. Akwai na masu ƙididdige kayan gini da kuɗin da zai ci, akwai na masu ƙiyasta darajar gidaje da kula da su, sannan akwai namu na awon ƙasa da zana taswira. Kowanne da hukumarsa da rajistarsa, kuma takardar ɗaya ba ta aiki a wurin ɗaya. Wanda kake nema shi ne na awon ƙasa da sarrafa bayananta, don haka ka karanta sunan kwas ɗin sau biyu kafin ka danna.

Inda sana'ar ta fito da abin da doka ta ce

Awon ƙasa ba baƙo ba ne a wurinmu. A farkon mulkin Turawa a ƙasar Kano an horar da waɗanda ake kira malaman taki, masu auna gonaki da taku domin yanka haraji, kuma har gobe a bakin garuruwanmu ana yanka filaye da abin da kowa ya sani da suna awon igiya. Ilimin zamani na wannan fanni shi ma ya daɗe, domin makarantar safiyo ta gwamnatin tarayya da ke Oyo asalinta tun 1908 ne, ƙungiyar safiyoyin Najeriya kuma, wato NIS, tushenta ya faro a 1934. A wancan zamani akwai mutane da yawa da suka fara daga jan sarƙar awo, suka yi ta hawa a hankali a cikin ma'aikata. Dattawan da mahaifinka ya gani sun yi arziki da wannan sana'a ba tare da digiri ba, yawancinsu 'ya'yan wancan tsari ne, shi ya sa ban ga laifinsa ba da yake ganin hanyar tana nan a buɗe.

Abin da ya sauya shi ne dokar da aka yi a 1989, mai lamba 44, wadda ta kafa hukumar SURCON, aka ɗora mata alhakin tantance wanda ya cancanci a kira shi safiyo, da ajiye rajistar masu sana'ar, da hukunta wanda ya saɓa. Rajistar nan hawa-hawa ce. Akwai matakin mai ƙaramar difloma, akwai na mai babbar difloma, akwai na safiyo mai neman ƙwarewa wanda ya gama karatu yana aiki a ƙarƙashin wani, sannan akwai cikakken safiyo. Na ƙarshen nan ne kaɗai yake da hatimi, shi ne kuma sa hannunsa yake mai da zane ya zama hujja. Kowane mataki daga cikin huɗun takardar makaranta yake nema. Babu gurbin da aka tanada domin wanda shekarun aiki kaɗai ya tara, ko da ya fi mai digirin iya riƙe na'ura, kuma sau da yawa ya fi shi ɗin.

Dalilin wannan tsanani yana da alaƙa da yadda mallakar ƙasa take a Najeriya. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha amana ce a hannun gwamna, kuma takardar shaidar mallaka da yake sa wa hannu a kan zanen safiyo take tsayawa. Banki yana ba da rance a kan wannan zane, alƙali yana yanke hukunci a kansa, magada suna rabon gado da shi bayan mai filin da safiyon duk sun kwanta dama. Idan aka sami kuskure, dole a sami mutum ɗaya mai suna da lamba wanda za a kama a tuhuma, a ƙwace masa lasisi idan ta kama. Wannan nauyin ne rajista take ɗora wa mutum, kuma shi ne ake biya idan aka biya safiyo kuɗi mai tsoka.

Abin da kake samu a wurin ubangidanka

Kada wani ya raina maka shekara biyun da ka yi. Ɗalibai suna zuwa mini aikin sanin makama daga jami'a, wasu a shekararsu ta huɗu, amma sai mutum ya shafe minti ashirin yana kokawa da ƙafafun na'ura kafin ya zaunar da ita daidai a kan turke, saboda a makarantarsu na'ura ɗaya ɗalibai masu yawa suke rabawa, wani ma kallo kawai ya yi har aka tashi. Kai ka wuce nan. Ka san yadda ake riƙe sanda a miƙe ba tare da ta karkata ba, ka san ƙyallin rana da tsakar rana yana sa karatun lebur, wato na'urar auna tudu da gangare, ya yi rawa, ka san hazon hunturu yana rage nisan da na'ura ke iya hangen madubin da ke kan sanda. Ka kuma koyi abin da babu shi a manhajar kowace makaranta, wato ba a shiga gonar mutane da na'ura kafin a gaisa da mai unguwa ko dagaci, kuma idan za a kafa turken iyaka ana kiran maƙwabta na kowane ɓangare su tsaya su gani da idonsu. Rabin rikicin fili da na halarta a rayuwata ba daga lissafi ya taso ba, daga rashin wannan ladabi ya taso.

Sai dai koyo a hannun mutum ɗaya yana da iyakar da ba a ganinta daga ciki. Iliminka ba zai wuce na ubangidanka ba, kuma irin aikin da yake samu kaɗai za ka sani. Idan shi mai yanka fulotai ne, za ka shekara goma ba ka taɓa fitar da lanƙwasar titi ba, ba ka lissafa yawan ƙasar da za a haƙa ko a cike ba, ba ka bi magudanar ruwa da lebur ka tabbatar ruwan zai gangara inda ake so ba. Idan kuma yana da wata gurguwar ɗabi'a, misali rashin rufe awo, wato ƙarasa shi a kan turken da aka san lambobinsa don a gane ko akwai kuskure, za ka gaje ta kana zaton haka ake yi. Akwai kuma tambayar da ya kamata ka binciko amsarta cikin ladabi: shin shi kansa yana da rajista, ko shi ma kai aikinsa yake yi wani ya buga masa hatimi a biya shi? Idan na biyun ne, to kai yaron mai aro ne, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da na'ura ba ta faɗa

A nan nake so in daɗe, domin nan ne ainihin bambancin yake. Na'urorin yau sun sauƙaƙa aiki ƙwarai. Na'urar awon kusurwa da nisa, wadda muke kira total siteshin, tana ba ka lambobin wuri nan take, na'urar GPS ta safiyo mai uwa da 'ya kuma, wato ɗaya a kafe wuri guda ɗaya ana yawo da ita, tana iya kai ka cikin santimita ɗaya ko biyu idan an kafa ta daidai. Yaro mai kaifin kai zai iya koyon danna maɓallanta cikin mako biyu. Matsalar ita ce na'ura ba ta jin kunya. Ko an ba ta tushe marar kyau za ta fitar da lambobi masu kyan gani har da ɗigo uku a bayansu, kuma babu abin da zai nuna a fuskarta cewa ƙarya take yi.

Bari in ba ka misalin da ya faru a hannuna. Na taɓa tura wani yarona, wanda a lokacin ya fi kowa saurin aiki a cikin yarana, ya fitar da turakun wasu fulotai daga wani tsohon zane na gwamnati. Tsofaffin zane-zanenmu an gina su ne a kan tushen awo na Minna, wato ma'aunin da ake lissafa lambobin kowane wuri da shi, wanda mafarinsa wani turke ne da ake kira L40 a garin Minna, na'urorin GPS kuwa da tushen duniya na WGS 84 suke zuwa. Yaron ya zuba lambobin Minna a cikin na'urar da ke kan tushen duniya, ya kafa turakunsa tsaf. Kowane fuloti ya fita da faɗinsa da tsawonsa daidai, layuka a miƙe, babu wanda zai kalla ya ce akwai matsala. Amma unguwar gaba ɗaya ta gusa da nisan da ya fi tsawon fuloti biyu, har layin ƙarshe ya faɗa cikin gonar wani bawan Allah. Abin da ya cece mu shi ne washegari na sa aka nemo wani tsohon turken gwamnati a kusa, muka hau kansa, lambobin suka ƙi haɗuwa. Da mai filayen ya riga ya sayar an fara zuba harsashi, da maganar ta ƙare a kotu, kuma sunana ne a kan takardar. Laifin nawa ne da ban duba saitin na'urar ba kafin ya fita, shi kuwa yaron bai yi sakaci ba, bai taɓa jin cewa wuri ɗaya yana iya samun lambobi iri biyu ba.

Irin waɗannan abubuwa suna da yawa. Tsarin taswirar UTM ya yanka duniya shiyya-shiyya, Najeriya kuma ta faɗa cikin uku daga ciki, wato 31 da 32 da 33, ta yadda Sakkwato tana ta 31, Kano da Kaduna suna ta 32, Maiduguri da Yola suna ta 33, kuma wanda ya zaɓi shiyyar da ba ita ba ya kai filin wata jihar. Saboda duniya a dunƙule take, takarda kuma a shimfiɗe, nisan da ke kan taswira ba daidai yake da wanda tef zai ba ka a ƙasa ba. A kusa da tsakiyar shiyya, kamar yankin Kano, bambancin ya kai kimanin santimita 40 a kowace kilomita. A kan fuloti mai ƙafa 50 da 100 wannan ba komai ba ne, amma a kan titi mai kilomita 20 ya zama mita takwas. Haka kuma kuskuren minti ɗaya na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri guda, yana kauce da kai kusan santimita 29 bayan tafiyar kilomita ɗaya. Makaranta ce take koya maka dalilin waɗannan, da yadda ake gane kuskuren da za a iya rabawa a kan tashoshin awo da wanda dole a koma fili a sake, da ƙa'idar farawa daga babba zuwa ƙarami, da dokokin ƙasa da na shaida a gaban kotu. Ubangida nagari zai iya nuna maka maɓallin da za ka danna don kauce wa kuskuren da shi ya taɓa faɗawa. Ranar da sabon kuskure ya zo, wanda ya san dalili ne kaɗai zai gane shi.

Hanyoyin makaranta

Hanya mafi miƙewa ita ce digiri. Shekara biyar ne, a ciki har da watannin aikin sanin makama, kuma a Arewa ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. Ana neman kiredit biyar, kuma Lissafi da Fiziks da Turanci da ka ambata su ne ginshiƙai, don haka ka duba sauran biyun ka tabbatar sun dace da abin da makarantar da kake so ta gindaya. Bayan digiri sai bautar ƙasa, sai ka yi rajista a matsayin mai neman ƙwarewa, ka yi aƙalla shekara biyu a ƙarƙashin cikakken safiyo, ka tara rahoton ayyukan da ka yi da hannunka, sannan ka zauna jarrabawar SURCON ka kuma kare ayyukan a gaban manya. Idan komai ya tafi daidai, babu yajin aiki babu faɗuwa, kusan shekara takwas ke nan daga ranar shiga zuwa ranar karɓar hatimi.

Hanya ta biyu ita ce ta kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna wadda ta daɗe tana yaye ma'aikatan safiyo a Arewa, ko ita makarantar Oyo. Ana yin ƙaramar difloma, wato ND, a shekara biyu, a fita aikin shekara ɗaya, a dawo a yi babbar difloma, wato HND, a wasu shekara biyun. Abin da yawancin yara ba su sani ba sai sun gama shi ne HND kaɗai ba ta kai mutum ga cikakkiyar rajista. Sai ya ƙara da diflomar ƙwarewa, irin wadda ake yi a Oyo, ko diflomar gaba da digiri da hukumar ta amince da ita, sannan ya shiga layin masu neman ƙwarewa kamar mai digiri. Wannan hanya ta fi tsawo, amma tana da tashoshi, kuma a kowace tasha akwai takardar da za ka iya neman aiki da ita. Akwai kuma hanya ta uku da ta haɗa biyun: ka yi ND, idan sakamakonka ya yi kyau ka nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka biya ko sisi sai ka tabbatar cewa kwas ɗin yana da amincewar hukumar da ke kula da makarantar, wato NUC ga jami'o'i, NBTE ga kwalejojin fasaha, sannan ita ma SURCON ta san da shi. Haka kuma ka yi hattara da cibiyoyin da ke tallan koyar da GIS, wato sarrafa bayanan ƙasa da taswira a kwamfuta, ko tuƙa jirgi marar matuƙi a wata uku. Wasunsu suna koyarwa da kyau, ni ma na tura yarana, amma takardarsu ƙari ce a kan karatu, ba ta zama madadinsa a wurin rajista.

Abin da nake ba ka shawara

Da kai ɗan gidan masu hali ne, da na ce ka nemi jami'a kai tsaye ka huta. Amma ka ce ƙarfinku kaɗan ne, kuma gida yana amfana da abin da kake kawowa, saboda haka abin da na fi natsuwa da shi a gare ka shi ne ka fara da ND a kwalejin da ta fi kusa da ku, ba tare da ka yanke hulɗa da ubangidanka ba. Dalilaina uku ne, kuma na farkon ya fi nauyi. Shekara biyu abu ne da mahaifinka zai iya hangen ƙarshensa ya yi haƙuri, alhali shekara biyar babu kuɗin shiga tana iya karya gidan, ta sa ka bar karatun a tsakiya, ka tashi babu tsuntsu babu tarko. Na biyu, aikin safiyo yana da yawa a ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu, musamman da rani, don haka ɗalibin da ya riga ya iya na'ura yana iya ɗaukar nauyin wani ɓangare na karatunsa. Na uku, za ka shiga aji da tambayoyin da fili ya riga ya dasa maka, kuma na lura irin waɗannan ɗalibai su ne suke fahimtar lissafin daidaita awo da wuri, domin sun taɓa ganin awo ya ƙi rufewa da idonsu.

Idan ka gama ND da sakamako mai kyau, a lokacin kana da shekara 24 ko kusa da haka, sai ka zauna da yayanka ku duba aljihu. In da hali, ka shiga jami'a a aji biyu, burinsa ya cika. In babu, ka yi shekarar aikinka, ka tara abin da ka tara, ka koma HND. Akwai kuma asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024 domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati, wanda ya kamata ku bincika sharuɗɗansa tare kafin ku yanke shawara. Abin da ba na so shi ne ka ce bari ka ƙara shekara biyu kana tara kuɗi tukuna. Na ga yadda wannan take ƙarewa: kuɗin fili yana da daɗi, sai aure ya zo, sai 'ya'ya, sai mutum ya farka yana da shekara arba'in yana kai wa yaron da ya koya wa riƙe sanda zane ya sa masa hannu.

Game da ubangidanka, kada ya ji labarin a bakin wani. Ka sa mahaifinka ya je ya same shi, a gode masa, a nemi albarkarsa, a kuma roƙe shi ya bar maka gurbinka na ƙarshen mako da hutu. Idan mai rajista ne, wataƙila a ƙarƙashinsa za ka yi shekarun neman ƙwarewarka nan gaba, kuma mutumin kirki yana alfahari da yaronsa ya zama abokin sana'a. Tun daga yanzu kuma ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowane aiki da kuka fita: rana, wuri, na'urar da aka yi amfani da ita, turken da aka tashi daga kansa, da yadda awon ya rufe. Ka roƙe shi ya bar ka ka zauna kusa da mai zane a ofis, domin yaran fili da yawa ba su san abin da ke faruwa da lambobin bayan an sauke su a kwamfuta ba. Ka koyi manhajar zane ta AutoCAD da Excel, ka sauke manhajar taswira ta QGIS tunda kyauta ce, ka kuma koma kan littafin lissafinka na sakandare, musamman babin kusurwoyi da alwatika, saboda a kansa aka gina sana'ar gaba ɗaya.

Kasuwar aikin da amanar da ke cikinta

Ba zan yi maka alkawarin aikin gwamnati ba, domin guraben ma'aikatun ƙasa da safiyo da ofishin Babban Safiyon Tarayya kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema. Amma aikin kansa yana faɗaɗa. Jihohi sun koma ajiye bayanan filaye a kwamfuta, kamar AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano, kuma duk wannan yana buƙatar wanda ya iya fili ya kuma iya kwamfuta. Kamfanonin titi da na madatsun ruwa da na layin wutar lantarki da masu haƙar ma'adinai ba sa motsa ƙasa sai safiyo ya kafa musu turke. Garuruwanmu kuma suna cinye gonakin da ke kewaye da su, kowace gona da aka yanka aiki ce, kowace unguwar awon igiya da gwamnati ta zo daidaitawa ita ma aiki ce. Kayan aikin suna da tsada, amma ba sai ka mallaka za ka fara ba, yawancinmu da haya muka soma.

A nan ne kuma jarrabawar gaskiya take. Za a zo maka da kuɗi a ce ka matsar da turke taku biyu cikin hanya, ko ka rage faɗin titi a cikin zane don a sami ƙarin fuloti, ko ka mai da kwanan watan zane baya saboda wata shari'a. Dillali zai ce maka kowa haka yake yi. Yaron da ba shi da rajista ya fi shiga wannan tarko, domin ba shi da lasisin da zai ji tsoron rasawa, kuma idan ta fashe shi ake fara miƙawa a ce sojan gona ne. Ka riƙe a ranka cewa ya tabbata a hadisi an la'anci wanda ya sauya alamar iyakar ƙasa, kuma wanda ya ci ko da ɗani ɗaya na ƙasar wani da zalunci za a rataya masa shi har ƙassai bakwai. Mu da muke kafa alamar da hannunmu mun fi kowa kusa da wannan gargaɗi.

Abin da na faɗa maka ya tsaya ne a kan tsarin Najeriya da kuma irin aikin da na yi rayuwata a cikinsa, wato awon filaye da na tituna a Arewa. Awon teku da na rijiyoyin mai fanni ne na wasu, kuma wanda yake Nijar ko Ghana ko Kamaru dokar ƙasarsa zai bi, ko da yake cibiyar koyar da awon ƙasa da taswira ta AFRIGIST da ke Ile-Ife tana karɓar ɗalibai daga waɗannan ƙasashe. Kuɗin makaranta da makin shiga da ƙa'idojin jarrabawar SURCON kuma suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka kafin a buɗe sayar da fom ɗin JAMB na bana ka ware rana ɗaya ka je ofishin Babban Safiyon jiharku ko reshen NIS, ka nemi jerin makarantun da aka amince da su a yanzu. Ka tafi da sakamakon jarrabawarka, kuma idan zai yiwu ka tafi tare da yayanka, domin ya ji bayanin hanyar ND daga bakin masu sana'ar.